Gidan da Malam Ya Roƙo wa 'Ya'yan Mutane

Shekaranjiya ƙanina ya biyo ta Farin Gada, ya shigo yake ce min an yaye rufin gidan ɗalibai, leburori na fasa bangon gaba, wai shaguna za a yi. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin tsadar tumatir, ya sha ruwa ya yi gaba. Ni kuwa tun ranar na kasa zama wuri guda. Gidan ba namu ba ne, ko bulo ɗaya ba mu saya a cikinsa ba, amma a kansa ƙarfin mijina ya ƙare, tawa ƙuruciyar ma can ta bi. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na sani tun ina da bakin faɗa.

A Gangare aka haife ni, a wani lungu mai matsi wanda in ka haɗu da mai ɗauke da kaya sai ɗayanku ya manne da bango. Haƙar kuza ce ta kawo kakanmu Jos, mahaifina kuma tela ne. Abin da na fi tunawa da wancan zamani shi ne ƙarar safiya. Ladan zai fara, can an jima ƙararrawar coci ta amsa daga tsallaken gari, sai jirgin ƙasa ya yi kukansa mai tsawo, sannan keken ɗinkin Baba ya kama a zaure. Aikina ne hura wuta, da sharar tsakar gida, da ɗebo ruwa a famfon unguwa, a cikin sanyin nan na Jos da ke sa yatsu su ƙi lanƙwashewa. Kafin hantsi matan ƙauye sun sauko daga duwatsu da itace da dankali da acca a ka. Ba sa sallama a ƙofa, kai tsaye suke shigowa har gaban murhu, su sauke kaya su miƙe ƙafa, Inna ta zuba musu kunu. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji. Akwai wata tsohuwa a cikinsu da kullum ta gan ni sai ta ce wa Inna, yarinyarka ya girma, mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Da damina in ƙanƙara ta sauko a kan kwano, kowa ya yi shiru don ba mai jin wani, mu yara mu fita da kwanuka muna tsinta. Inna ba ta taɓa tuƙa tuwo daidai da yawan mutanen gida ba, sai ta ƙara gari hannu guda. Na taɓa tambayarta na wane ne, ta ce na wanda ke kan hanya ne, shi ma bai san zai zo ba. Yau kuwa ƙofofinmu na ƙarfe ne, in aka buga sai an tambayi wane ne kafin a zare sakata. Da safe ba na jin komai sai janareta da hon ɗin 'yan acaɓa. Matan ƙauye sun daina shigowa unguwar, itacen ma yanzu a bakin titi ake sauke shi.

Na gama makarantar horar da malamai ina koyarwa a firamare aka yi aurenmu. Malam a lokacin ƙaramin malami ne a jami'a, yana koyar da tarihi. Ɗan kafinta ne daga Anguwan Rogo, siriri, mai saurin tafiya, dukiyarsa duka wata tsohuwar Basfa ce da littattafai cike da kwalaye. A unguwar tasu muka kama haya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ba nisa da makaranta. Ban daɗe ba na gane mijina ba ya dawowa gida shi kaɗai. Yau ɗalibi ɗaya a bayan Basfa, gobe biyu suna biye da ƙafa. Wai sun zo aron littafi ne, amma ba mai tafiya sai ya ga bayan kwano. Da farko na ji haushi, don albashin bai taka kara ya karya ba, ni kuma amarya ce ina son in zauna da mijina mu yi hira. Da na kai ƙara wajen Inna, dariya ta yi, ta ba ni babbar tukunyarta ta ce in tafi da ita.

A cikin masu zuwan nan akwai wani Dung, ɗan Birom daga wani ƙauye can bayan Bukuru. Dogo ne, marar yawan magana, rigarsa ɗaya amma kullum a wanke. Mama yake kirana, alhali ban tabbata na girme shi ba. Ranar da na gwada dafa gwate, abincin mutanensu, don in burge shi, ya ci ya cinye, sai da na matsa masa ya ce ya yi daɗi, sai dai a garinsu wannan sunansa fate, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Ranar na fara ganin haƙoransa. Malam yakan ce bai taɓa koyar da mai kai irin nasa ba, kuma yana sa ran wata rana tare za su tsaya gaban allo.

Aka tafi dogon hutu aka dawo, ba Dung. Malam ya ɗauka rashin lafiya ce ko aikin gona ya riƙe shi. Muna nan muna zuba ido, sai wani ɗan ƙauyensu ya zo da labari. Ashe kuɗin komawa makaranta ne ya gagara, ya bi samarin garin zuwa tsofaffin ramukan kuza da kamfani ya bari, suna tono suna wanke ƙasa suna sayarwa. Ruwa ya jiƙa ramin, ya rufta da shi. Sai da aka wuni ana haƙa kafin a ciro shi.

Muka hau Basfa ni da Malam muka tafi gaisuwa. Ban taɓa shiga irin ƙauyen ba. Gidaje zagaye da shingen ƙyarana, ga tafkunan kuza ko'ina, ruwansu kore shar, tsit kamar ba abin da ya faru. Aka kai mu wajen uwarsa, wata 'yar ƙaramar tsohuwa zaune a kan dutse a bakin ɗaki. Da aka gaya mata ko mu su wa ne, ba Malam ta kalla ba, ni ta kalla. Ta kamo hannuwana biyu ta juya su tana dubawa.

"Kai ne matan malamin?" ta ce da irin Hausarta. "Ya ce min akwai wani gida a Jos, in ya je ba a tambayarsa ko ya ci. Zuba masa kawai ake yi."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar acca, ta ce dama ta ajiye ne in zai koma ya kawo min. Ban san yadda aka yi na karɓa ba. A hanyar dawowa Malam ya tsayar da Basfa a bakin wani tafki, ya sauka ya zauna a kan dutse, ni ina tsaye rungume da ƙwarya. Sai ya ce garin nan cike yake da masu hali, wasu ba su ma san iyakar abin da suka mallaka ba, amma yaro ya shiga rami saboda abin da bai kai kuɗin ragon layyarsu ba. Ya ce tunda ba wanda ya je ya gaya musu, shi zai je.

Daga ranar mijina ya zama mutum mai aiki biyu. A makaranta Allah ya yi ta ɗaga shi. Ya tafi ƙarin karatu ya dawo, aka ba shi shugabancin sashe, daga baya na tsangaya gaba ɗaya, ya zama farfesa, har ya kai mataimakin shugaban jami'a, da mota da direba da masu ce masa oga. Amma in an tashi daga ofis, sai ya sallami direba ya ɗauki hularsa ya shiga gari. Zauren attajirai, rumfunan kasuwa, garejin masu manyan motoci, ba inda bai zauna ba. In an ba shi dama a masallaci bayan salla ya yi magana, in 'yan coci sun gayyace shi taronsu ya je, a gidan rediyo ma an san muryarsa. Maganar tasa guda ce. Yakan ce mun iya gina masallaci kusa da masallaci, mun iya komawa Makka shekara bayan shekara, amma mun manta da wakafi, wato mutum ya tsayar da gida ko gona ko shago don amfanin jama'a har bayan ransa, alhali kakanninmu sun san shi. Yakan ce gwamnati ba za ta taɓa iya ɗaukar kowa ba, kuma ɗan talakan da aka bari ya faɗi a tsakiyar karatu, gari ne ya yi asara, ba uwarsa kaɗai ba.

Ba kowa ya ji daɗin wannan ba. Abokan aikinsa suna ta gina gidaje a unguwannin manya, shi yana yawon zaure. Aka laƙaba masa Farfesa Maroƙi. A gidan biki na sha jin mata suna ƙasa da murya in na shigo. Wani attajiri ya taɓa barinsa a ƙofar gida tun la'asar har magariba, sannan ya aiko yaro ya ce ya yi barci. Ranar na yi fushi sosai. Na ce masa, Malam, ko ba don kanka ba, ka duba 'ya'yanka, ka duba girman da Allah ya ba ka.

Ya cire hula ya ajiye, ya ce, "Girman nan in bai buɗe min ƙofar mai kuɗi ba, me zan yi da shi? In rataye shi a bango?"

Ban sake yi masa maganar ba. Da lokacin neman babbar kujerar jami'a ya zo, ya nema bai samu ba. Wasu suka ce yawon roƙon ne ya rage masa kwarjini. Ni na yi kuka, shi kuwa cewa ya yi an rage masa zaman mitin.

Wanda ya fara amsa masa da gaske ba ɗan boko ba ne. Wani Alhaji ne dillalin kayan gwari a Farin Gada, mai lodin tumatir da attarugu zuwa kudu. Malam ya yi ta zuwa rumfarsa yana zama a kan kwandon da aka kifa, a cikin hayaniyar 'yan dako da warin ruɓaɓɓen albasa, Alhaji na ciniki yana saurarensa da kunne ɗaya. Rannan ya miƙe ya ce su je ya nuna masa wani abu. Gida ne babba da ya gina don haya, bai riga ya sa kowa ba. Ya tambayi Malam 'ya'yan wa za su zauna a ciki. Malam ya ce 'ya'yan wanda ba shi da shi, ko daga ina ya fito, ko ina yake fuskanta in zai yi addu'a. Alhaji ya ce shi ma masu noma masa tumatirin nan bai taɓa tambayarsu addininsu ba, ya miƙa masa makullai. Gadaje da katifu kuma wani abokin Malam ne ya kawo, Baba Gyang, tsohon ma'aikacin gwamnati kuma dattijo a cocinsu, wanda ya riƙa jawo mutanensa suna kawo buhunan masara da dankali. A hankali wasu masu hali suka shigo, wannan ya ɗauki nauyin karatun mutum biyu, wancan ya biya wuta da ruwa.

Waɗannan su ne shekarun da na fi jin daɗin duniya, ko da yake a lokacin ban san haka ba, gajiyar kawai nake ji. Kowace Asabar ina gidan tun safe. An raba shi biyu, maza a gaba, mata a baya. Ka ji wannan na tilawa a ɗaki, wancan na rera waƙar coci yana wanki, rediyo na yi, ana musu a kan ƙwallo, wani na haddar sunayen ƙasusuwan jiki da ƙarfi yana zagaya rijiya. Mu kuma muna bayan gida muna gyaran shinkafa, hayaƙi na shiga mana ido. Da azumi 'yan coci ne ke tashi su taya dafa sahur, da Kirsimeti namu ne ke yanka kajin don kowa ya ci. Ba cewa nake ba a faɗa ba. An yi faɗa a kan sabulu, a kan bokiti, a kan budurwa. Amma faɗan yara ne, Malam na zuwa ya zaunar da su a kan benci ya kashe shi. A cikin 'yan matan akwai Kaneng, mai karatun likita, marainiya, baƙa kyakkyawa mai wushirya. Ita ta fi manne min. A wajena ta koyi suyar masa, ita ke yi wa 'yata kitso, in an yi hutu ba ta da inda za ta sai gidanmu. Na sha mantawa in aike ta kamar 'yar cikina, in yi mata faɗa kamar 'yar cikina.

Sai wata Juma'a ta zo, wadda ba sai na faɗa wa ɗan Jos wace ce ba, ranar da rikicin addini ya ɓarke. Muna gida muka fara ganin hayaƙi, mutane na gudu ba takalmi. Malam bai tsaya jin ta bakina ba, ya ɗauki mota ya nufi gidan ɗalibai. Ya riƙa kwasar 'yan coci yana kai su cikin makaranta inda akwai tsaro, ya koma ya ɗebo wasu. A hanya samari suka tare shi da sanduna, cikinsu har da waɗanda na koyar a firamare. An ce fitowa ya yi ya tsaya a jikin ƙofar motar, yana kiran kowanne da sunan ubansa, har suka kauce. Ya dawo gida da yamma gilashin mota a farfashe, babbar rigarsa duk toka. Na kawo abinci ya kalla kawai. Ba a rasa ran kowa ba a cikin yaran gidan, kuma na gode wa Allah da wannan har gobe. Amma a garin an rasa da yawa, ta kowane ɓangare, kuma Jos ɗin da na sani ba ta sake tashi ba.

Bayan ƙura ta lafa, gari ya rabe. Wanda ya shekara arba'in a unguwa ya kwashe kayansa ya koma inda nasa suke. Iyaye suka hana 'ya'yansu komawa gidan, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Alhaji ya riga ya rasu a lokacin. Babban ɗansa ya zo har gida, ya durƙusa ya gai da Malam, yaro mai ladabi, an ƙona masa motocin lodi a rikicin. Ya ce ba za su karɓe gidan ba, amma daga yau namu kaɗai za su kwana a ciki. Malam ya ce ba haka suka yi da mahaifinsa ba. Yaron ya ce, Baba, mahaifina bai ga abin da na gani ba. Baba Gyang kuma ya aiko cewa ba zai iya shigowa Anguwan Rogo ba, su haɗu a ƙofar makaranta. Mutanen da suka shekara talatin suna cin abinci a kwano ɗaya suka tsaya a bakin titi, kowa jikin motarsa. Ya gaya wa Malam mutanensa sun ce ba za su ƙara ba da ko mudu ɗaya ga gidan da 'ya'yansu ba za su iya kwana a ciki ba. Malam ya ce min Baba Gyang yana faɗa yana share ido da hankici.

Malam ya yi ritaya, amma bai daina yawo ba. Sai dai yanzu duk zauren da ya shiga, kafin ya gama bayani an tambaye shi na wane ɓangare za a taimaka wa. In ya ce duka, sai a yi masa godiya a raka shi ƙofa. Da ya yarda ya raba abin biyu, da ya samu, don masu bayarwa ba su ƙare ba, kowa dai nasa yake so ya ba. Na faɗa masa haka, 'ya'yansa ma sun faɗa masa. Ya ce ya sani, amma shi ba zai iya tsayawa gaban yaro mai jin yunwa ya fara tambayarsa sunansa ba. Har yau ban san ko shi ne da gaskiya ko mu ba. 'Yan kaɗan da suka rage a gidan suka gama suka tafi, aka sake wani rikicin, daga nan ba wanda ya ƙara shiga. Wata safiya yana alwala ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi watanni a kwance, harshe ya yi nauyi. In an buɗe makaranta ya ji hayaniyar ɗalibai a titi, sai ya tambaye ni ko yara sun dawo gidan. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, nakan ce ba su dawo ba tukuna. Ya rasu da damina, ana yayyafi.

An yi jama'a a jana'izarsa, har da waɗanda suka bar shi a ƙofa. Ɗana ya ce min tsofaffin ɗalibansa 'yan coci sun taru a bakin babban titi, iyakar inda za su iya zuwa ke nan, suka tsaya a cikin ruwa har aka wuce da shi.

Ana kwana uku, ina zaune a ɗaki cikin mata, sai wata ta shigo sanye da dogon hijabi wanda ya yi mata yawa, tana taka bakinsa. Ta ratso mutane ta durƙusa a gabana ta kama ƙafata. Da ta ɗago na ga wushiryar. Kaneng ce, ta zama babbar likita, har da furfura a gaban goshi. Hijabin na wata abokiyar aikinta ne ta ara. Na buɗe baki zan kira ta, ta matse min hannu, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Mama, kar ki kira sunana."

Na haɗiye shi. Ta zauna a gefena kamar kowace baƙuwa, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan hijabin mutane. Wata maƙwabciya ta tambaye ni wace ce, na ce 'yata ce. Na sa aka zubo mata abinci, ta ɗan taɓa don kar in ji ba daɗi. Kafin la'asar ta ce za ta tafi, mai acaɓa na jiranta a bakin lungu, ba ta son yamma ta yi mata a unguwar. Ina cikin takaba, ba halin in taka mata ko zuwa zaure. Daga inda nake zaune na bi ta da ido ta tsallake takalman mata da ke bakin ƙofa, ta tattare hijabin da hannu ɗaya, ta fita. Ta yi shekaru tana kwana a gidan nan, amma har ta fice ban samu na kira ta da sunanta ba.